Ni da Malam Tukur da Yaran Ƙanƙara

Taman Melati

Ɗakin da aka ce an kama mini a Kuala Lumpur, da na je sai na tarar da mutane a ciki. Wasu ɗalibai ne Larabawa su uku, sun kewaye faranti ɗaya suna cin shinkafa. Na nuna musu hoton ɗakin a wayata, na faɗi sunan dillalin da muka gama magana da shi tun ina Kano. Suka kalli juna, suka ce ba su taɓa jin sunan ba, amma bismillah, in sa hannu. Ban iya ci ba. Na yi ta kiran lambar dillalin, a kashe take, kuma har na bar ƙasar ba ta sake shiga ba.

Na ja akwatina zuwa masallacin unguwar, Taman Melati. Bayan la'asar na zauna a baranda, gumi ya jiƙa mini riga, na kira mahaifiyata ina shirga mata ƙarya cewa na sauka lafiya, ɗaki kuma sai wanda ya gani. Ina ajiye waya sai na ji an ce da Hausa a bayana, "To mai ɗaki sai wanda ya gani, me akwati yake yi a masallaci?"

Na waiwaya. Wani dogon mutum ne siriri, gemunsa ya fara furfura, da koɗaɗɗiyar hula da silifas na roba.

"Sunana Tukur, daga Funtuwa," in ji shi.

"Auwalu, daga Kano."

"Taso mu je, Auwalu. Maƙaryaci ma yana cin tuwo."

Haka na shiga hannun Malam Tukur. Malami ne a wata kwaleji a gida, ya zo yin digiri na uku, lokacin yana shekararsa ta uku. Malamin da ke duba aikinsa ya yi ritaya, sabon da aka ba shi ya ce rabin aikin sai an sake. Ya baro matarsa Hajiya Rabi da 'ya'ya biyar a Funtuwa. Ni kuma digiri na biyu na zo yi a fannin ƙididdiga, ko aure ban yi ba. Ya girme ni da shekara ashirin da wani abu.

Gidansa ɗaki biyu ne a hawa na huɗu, daga taga ana hango jirgin ƙasa yana wucewa a saman gada. Yana da kuka da daddawa a cikin gwangwanin madara, yana tsakurarsu kamar magani. Na ce masa kwana biyu zan yi kafin in sami wuri. Ya ce to. Bai sake tayar da maganar ba, ni ma ban sake ba.

Kulle

Ba mu fi wata bakwai tare ba annobar korona ta sauka. Aka rufe jami'a, aka rufe masallatai, aka ce mutum ɗaya ne zai riƙa fita cefane daga kowane gida. Tallafin karatun da ake turo mana daga gida ya yi shiru. Muka koma cin abinci sau biyu, Malam yana cewa ai ko likita ma zai yaba.

A ƙofar da ke kallon tamu akwai wata tsohuwa 'yar ƙasar, Mak Cik Rosnah. Mak cik a harshensu kamar a ce gwaggo ne. Ban san yadda ta gane halin da muke ciki ba. Sai dai kawai mu ji an buga ƙarfen ƙofa, a ce, "Makan, makan," wato a ci abinci. Kafin mu buɗe ta shige gidanta, ta bar leda a rataye, shinkafa da kifi da yaji mai zaƙi.

Da aka ɗan sassauta dokar, wani ɗan ajinmu mai suna Kelvin ya ce mu haɗu a mamak, shagon abincin Indiyawa Musulmi da ke bakin titi. Ɗan ƙasar ne, amma ya yi wasu shekaru a Kanada. Ya san ni ne na fi kowa maki a ajin.

"Ka san wasan hoki na ƙanƙara?" in ji shi.

"Ƙanƙarar da na sani ta cikin zoɓo ce."

"Ba sai ka sani ba lah. Lissafi ne kawai," in ji shi, da "lah" ɗin nan da 'yan ƙasar ke liƙa wa ƙarshen magana.

Ya buɗe waya ya nuna mini. Fili ne na daskararren ruwa, mutane sanye da takalma masu kaifi a ƙasa suna sulɓi a kai da gudun da ido ba ya iya bi, kowa da sanda mai lanƙwasa, suna bin wani ɗan baƙin faifai don su jefa shi a raga. Ya ce a babbar gasar Amurka da Kanada, duk shekara ƙungiyoyi kan yi layi su zaɓi yara 'yan shekara sha takwas daga ko'ina a duniya, ƙungiyoyin da suka fi shan kashi su ake ba wa damar fara zaɓe. Yawancin yaran ba a saka su wasa nan take. Ana barinsu su ci gaba da bugawa a ƙananan gasanni har su nuna. Wani shafin intanet a Kanada yana son a jera masa ƙungiyoyin duka, talatin da 'yan kai, daga ta ɗaya har ta ƙarshe, ba bisa wanda ke cin wasa yau ba, bisa ƙarfin yaran da kowacce ta tanada don gobe.

Ya ce zai riƙa biyana, na karɓa. Ba sha'awa ba ce ta sa. Kunyar ledar Mak Cik ce.

Teburin falo

Sati na farko ni kaɗai nake yi. Na tattara shekarun yara, da yawan abin da kowa ya zura a raga, da ƙarfin gasar da yake bugawa, na gina lissafi. Malam yana wucewa ta bayana da butarsa yana tsaki. "Manyan mutane da sanduna suna bin murfin gwangwani. Allah ya kyauta."

Wata safiya ina kallon bidiyon wani wasa don in gane abin da nake ƙirgawa, sai na ji ya tsaya.

"Mayar da shi baya."

Na mayar.

"Ka ga wannan mai lamba sha tara? Kafin faifan ya iso gare shi ya waiwaya sau biyu. Wannan ya san inda zai kai shi tun ba a ba shi ba. Nawa lissafinka ya ba shi?"

Na duba. Yana can ƙasa.

"To lissafinka bai da ido."

Ranar na san cewa Malam ya yi shekara goma sha biyar yana horar da ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta samarin unguwarsu. Ya jawo kujera ya zauna, daga ranar kuma kujerar ta zama tasa. Ya sayi littafin rubutu mai bango ja. Bayan asuba mu yi karatunmu na jami'a, da hantsi mu koma kan yaran ƙanƙara har azahar. Ni ina lambobi, shi yana kallo. Bai san dokokin wasan sosai ba, amma ya san yaro. Yakan ce, "Ba a sanin yaro ranar da suka ci. A bar ni in gan shi ranar da aka lallasa su."

Sunayensu sun fi ƙarfin harshensa, don haka ya raɗa musu nasa. Akwai Ɗan Fulani, wani dogo siriri daga arewacin Turai. Akwai Gajere. Akwai wani gola mai jiki wanda ba ya gaggawa ko gida na ƙonewa, shi ne Alhaji. Ƙungiyoyin kuma da launin riga yake kiransu. Sai ka ji muna gardama a kan tuwo, wai tsakanin masu ja da masu rawaya wa ya fi ajiye iri mai kyau. Wani lokaci mu fashe da dariya mu kaɗai. Mu biyu, waɗanda ba su taɓa taka ƙanƙara ba, a garin da fanka ba ta hutawa.

Yakan tausaya musu kuma. Yawancinsu annoba ta ritsa da su nesa da gida, an dakatar da gasanninsu, suna zaune a ɗakunan haya. "Ɗan shekara sha takwas fa," in ji shi. "Sa'an Bashir ɗina. Ana ta auna shi kamar rago, uwarsa kuma tana can ba ta barci."

Jerinmu na farko ya fita kafin ƙarshen shekarar. Na buɗe shafin. Duk abin da muka rubuta yana nan, har da kalaman Malam da na juya zuwa Turanci. A sama kuma hoton Kelvin ne da sunansa, an rubuta wai ƙwararre ne da ya daɗe yana bin wasan. Mu ko a ƙasan shafi babu mu.

Na kira shi ina huci. Ya ce, "Auwal, wa zai yarda da 'yan Najeriya a kan maganar ƙanƙara? Suna ne kawai lah. Aiki zai ci gaba da zuwa."

Malam ya yi dariya ya ce in sha ruwa, wai mai gonar aro ba ya kafa mata alama. Na ɗauka abin bai dame shi ba. Sai da yamma na jiyo shi a ɗakinsa yana waya da Hajiya Rabi, ya rage murya. "A'a, ba za ki ga sunana ba. Amma ki ce Bashir ya karanta miki sakin layi na huɗu. Wannan maganata ce."

A watannin da suka biyo baya babbar 'yarsa Hauwa ta haihu, jikansa na farko. A waya ya ga jaririn, hoton yana tsinkewa yana dawowa. Ya yi masa addu'a ta cikin lasifika. Da aka kashe ya zauna yana kallon bango, ya ce, "Da yanzu ni ne zan tauna masa dabino." Sannan ya share ido ya ce in kunna masa wasan Alhaji.

Maganar da na faɗa

Bayan ƙaramar sallah ta shekara ta biyu Kelvin ya sake kawo aikin, a sabunta jerin kafin sabon zaɓen yara. A satin ne malamina na jami'a ya dawo mini da babi biyu na aikina, ya cika su da jan biro. Raina a ɓace yake tun kafin mu fara.

Lissafina ya ɗora masu shuɗin riga a kan gaba. Suna da yara takwas, kowannensu yana zura faifai a raga kamar ba gobe. Malam ya ce sam, masu koren riga ne na ɗaya, waɗanda ni na ajiye a na shida.

"Yaran shuɗi duka 'yan gaba ne, iri ɗaya, kuma ƙananan yara suke ci," in ji shi. "Ranar da suka haɗu da manya, in biyu sun tsira a gode Allah. Masu kore suna da Alhaji da 'yan baya biyu masu hankali. Irin waɗannan ba a tsintarsu a hanya."

"Malam, Alhajin nan ana zura masa kamar kwando."

"Don babu kowa a gabansa inda yake bugawa yanzu. Ka taɓa ganin an ci shi ya juya yana zagin ɗan bayansa? Sai dai ya tashi ya kakkaɓe. Wannan shi ake gina gida a kansa."

Muka kwana biyu a kai. Rana ta uku na sauka mamak in yo mana tapau, wato a ƙunsa mana abinci in taho da shi. Da na dawo na tarar ya zauna a gaban kwamfutata, ya mayar da masu kore sama da yatsa ɗaya, yana murmushi kamar yaron da ya saci suga.

Ban san daga ina maganar ta fito ba. Na dire ledar na ce, "Malam, da kana da idon da kake faɗa, da ka hango ƙarshen digirinka. Shekara biyar kana nan, jikanka ma a waya ka gan shi. Don Allah ka bar mini aikina."

Murmushin bai tafi nan da nan ba, sai da ya ɗan daɗe a fuskarsa kamar bai ji ba. Sannan ya cire tabarau ya ninke.

"Haka ne, Auwalu," in ji shi. "Haka ne."

Ya ɗauki littafinsa ya shiga ɗaki. Bai ci abincin ba.

Washegari na tarar ya dafa shayi ya rufe mini nawa da faranti. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na kasa haɗa ido da shi. Na zuba kwamfuta da riguna biyu a jaka, na ce daga bakin ƙofa zan je wajen wani abokina in yi kwana biyu. Ya ce, "Allah ya kiyaye. Ka sa takunkuminka."

Bukit Jalil

Abokin nawa Sadiƙ ne, tare muka yi sakandare, yana karatu a wata jami'a mai zaman kanta. Gidansa a unguwar Bukit Jalil yake, a hawa na ashirin, da na'urar sanyi, da wurin iyo a ƙasa an zagaye shi da igiya saboda annoba. Kwana uku da zuwana aka sanar za a sake rufe gari gaba ɗaya, don cutar ta dawo da ƙarfin da ya fi na farko. An ba da 'yan kwanaki kafin dokar ta fara aiki. Jirgin ƙasa yana nan yana aiki. Da na so komawa, da na koma. Gara in faɗi wannan da bakina.

Sadiƙ ya yi ta fama da ni. "Kai dai kira mutumin nan, abeg. Ka ce ka yi kuskure, shi ke nan. Mene ne a ciki?"

Na ce ba a ba babba haƙuri a waya. Dole sai na je gabansa na durƙusa. Na yarda da wannan maganar har cikin raina, kuma ta yi mini daɗi, don ta ba ni damar jira.

Malam ne ma ya fara turo saƙo. "Ka manta cajar wayarka." Bayan kwana huɗu ya sake turo wani. "Kuka ta kusa ƙarewa, na raba biyu na ajiye maka naka." Na rubuta masa doguwar amsa, na goge. Na sake rubutawa, na goge. Abin da na tura a ƙarshe shi ne, "To Malam, na gode."

Na shiga sati na uku, wata safiya ina shan shayi, sai ga kiran Mak Cik Rosnah. Tana magana da sauri, rabi Turanci rabi harshensu. Abin da na tsinta shi ne, ta rataya abinci a ƙofarmu kwana biyu ba a ɗauka ba, tana jin tari daga ciki. Ta buga ta buga, da ƙyar ya rarrafo ya buɗe. Ita ta kira motar asibiti. Sun tafi da shi.

"Kai kana ina?" in ji ta. "Me ya sa ba ka nan?"

Ba a barin kowa ya shiga asibitin. Na yi ta kiran wayarsa ba a ɗauka. Rana ta uku wata ma'aikaciyar jinya ta kira ni ta bidiyo da wayar tasa, ta ce in yi sauri. Na gan shi kwance, an rufe masa hanci da baki da abin numfashi, idanunsa sun faɗa. Bakina ya kama abin da ya saba.

"Malam, sannu. Ya jiki? Sannu Malam. Allah ya ba ka lafiya, Allah ya sa kaffara ne."

Ya ɗaga hannu kaɗan. Na ja numfashi zan shiga maganar, sai na ji matar ta ce ya isa haka, ya gaji. Hoton ya ɗauke. Gaisuwa ta cinye mini lokacin.

Bayan kwana huɗu aka kira aka ce ya rasu da hantsi.

Bayan igiya

Sai da muka karɓi takardar izini daga 'yan sanda kafin mu je jana'iza, ni da Malam Isa, wani dattijo cikin ɗalibanmu. Maƙabartar tana bayan gari. Aka tsayar da mu bayan wata igiya, nesa. Ba a yi masa wanka ba, taimama aka yi a kan jakar da aka rufe shi a ciki. Wasu mutum shida cikin fararen kayan roba, ba a ganin fuskar kowa, su suka sallace shi, mu muka bi daga inda muke. Motar haƙa ce ta tona kabarin, ita ce kuma ta mayar da ƙasa. Jar ƙasa ce mai danƙo. Layin sababbin kaburbura ya yi tsawo, kowanne da ɗan katako da lamba. Ɗaya daga cikin masu farin kayan ya juyo ya ɗora hannu a ƙirji ya sunkuya mana. Ban san ko wane ne ba. Har yau ina sa shi a addu'a.

Malam Isa ne ya kira Funtuwa. Ni na kasa.

Sai bayan sati biyu aka bar ni na shiga gidan. Cajata tana kan tebur, an naɗe wayar da kyau. Na buɗe littafinsa mai jan bango ina neman ko ya bar mini wata magana. Babu. Aikin kawai ya ci gaba da yi shi kaɗai, a wayarsa yake kallon wasannin. Rubutun yana tafiya daidai, sannan ya fara karkacewa a shafukan ƙarshe. Ya gama duba ƙungiyoyin duka. A shafin ƙarshe ya jera su da hannunsa. Masu shuɗi ya sa a na ɗaya. Masu kore ya mayar da su na shida, inda na ajiye su.

Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba. Mak Cik ta tsaya a ƙofarta, da takunkumi, ba ta iya shigowa, tana ta cewa in yi haƙuri da harshensu.

Na kammala jerin na tura wa Kelvin, masu kore a sama, da dalilan Malam kalma da kalma. Na ce ba na son komai a wannan karon, abu ɗaya nake roƙo, a rubuta sunan Tukur ko da a ƙasan shafi ne, ko da ƙananan baƙaƙe. Ya yi mini ta'aziyya, ya ce, "Boleh, boleh," wato zai yiwu.

Da jerin ya fita babu sunan. Ya kuma mayar da masu shuɗi sama, wai masu karatu za su yi masa dariya. Ban kira shi ba. Daga ranar ban sake buɗe wasan ba, ban san abin da Alhaji ya zama ba, ban san wanda ya yi gaskiya tsakanina da Malam ba.

Funtuwa

Na gama karatuna a shekarar da ta biyo baya. Na dawo da akwati biyu, nawa da nasa. Kwana uku na yi a Kano na kama hanyar Funtuwa.

Hajiya Rabi ta karɓe ni a tsakar gida, a kan tabarma. Mace ce mai ƙaramin jiki, ba ta da yawan magana. Aka buɗe akwatin a gabanta. Ƙarƙashin littattafansa akwai mayafai da yadudduka da ya saya a Jalan Tuanku Abdul Rahman, titin 'yan yadi, tun kafin annoba. Kowanne ya maƙala masa 'yar takarda da sunan mai shi. Ta ɗauki nata ta ajiye a cinya ba ta warware ba.

Da yaran suka kwashe kayan suka shiga ciki, na gyara zama na ce, "Hajiya, akwai abin da ban faɗa ba."

Na faɗa mata duka. Gardamar, da maganar da na yaɓa masa, da tafiyata, da cewa ina da damar komawa ban koma ba. Ban rage komai ba. Tana sauraro tana shafa bakin mayafin da babban yatsa.

Da na gama ta ɗago kai.

"Bai taɓa gaya mini ba," in ji ta. "Kullum muka yi waya na ce ina Auwalu, sai ya ce kana ɗaki kana aiki. Ranar ƙarshe da na ji muryarsa yana ta tari. Na ce ba ni yaron nan in yi masa magana. Ya ce ka fita sayo masa magani. Shi ya sa na kwantar da hankalina. Na ce ai yana da ɗa a kusa."

Na sunkuyar da kai har goshina ya kusa taɓa tabarma.

"Da na san shi kaɗai ne, da na tayar da duk wanda na sani a ƙasar nan har a sami mai buga masa ƙofa." Muryarta ba ta tashi ba. "Kwanansa ne ya ƙare, wannan na sani. Maganar da ka faɗa masa kuma ba ni ka faɗa wa ba, ba zan ce na yafe a madadinsa ba. Ka riƙa yi masa addu'a. Abin da yake nawa a ciki, ka ba ni lokaci."

"To, Hajiya."

"Kana da hoton wurin?"

Na ciro waya na nemo hoton da na ɗauka ranar da na koma maƙabartar yi masa sallama kafin in taho. Ta karɓa da hannu biyu, ta matso da ita kusa da ido. Ciyawa ta fara fitowa a kan jar ƙasar. Katakon yana nan da lambarsa.

"Babu ko bishiya," in ji ta.

"Babu, Hajiya."

Ta ƙara kallo, ta share fuskar wayar da gefen hijabinta.

"Yanzu da ka taho, wa zai riƙa zuwa?"

Na buɗe baki. Ban sami sunan kowa ba.